Koyon Cewa A'a a Bayan Agadas

Tun da na dawo, duk inda na zauna sai a ce, "Injiniya, ba mu labarin Turai." Na faɗa a majalisar shagon tela a Boɗinga, na faɗa a bakin kasuwar Shagari, na sake faɗa a wajen wani suna a Dingyaɗi: ban je Turai ba. Wasu sun ɗauka tawali'u ne, wasu sun ce dabarar hana tsaraba ce. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, mai karatu ya karanta wa na kusa da shi, maƙogwarona ya huta.

Ga yadda abin ya faro. Bayan na gama jami'a na yi bautar ƙasa, wani kamfanin matsar man gyaɗa da angurya a Sakkwato ya ɗauke ni aiki na gwaji. Fannin da na zaɓa shi ne sarrafa injuna: a ɗaura wa inji ido da kunne da ɗan hankali, ya riƙa auna zafinsa da ruwansa da kansa yana gyarawa, mutum yana zaune yana lura da shi. Da na yi wa innata wannan bayani, sai ta ce wato shekarun nan duka zama na je koyo. Har yau ban sami abin da zan gyara a fassarar tata ba.

Kamfanin ya sayo sabuwar tukunyar tururi da ɗakin sarrafa ta, aka ce za a kai mu Jamus mu koyo hannu. Na ɗinka kwat. Ana cikin haka gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kuɗin ƙasar waje suka yi ɓatan dabo, Jamus ta ƙara nisa. Manaja ya kira mu, ni da abokin aikina Umaru mutumin Kajiji, ya ce an sami mafita: akwai wata tashar lantarki a Nijar, can bayan Agadas, na'urorinta irin namu ne, kuma sun yarda su koyar da mu. Sannan ya rage murya. Ya ce mun dai ga ana sallamar ma'aikata. Duk wanda shugaban ɗakin sarrafawa na can bai ce ya isa zama a kujera ba, to, idan ya dawo ya wuce gida kawai.

Wannan magana ta zauna mini a ciki, amma ba ta hana ni murna ba. Tun ina jami'a nake zana waɗannan na'urori a takarda, ban taɓa ganin su suna aiki da ransu ba. Ko bayan duniya aka ce suna nan, zan je.

Daga Sakkwato zuwa Illela mun shiga fijo wadda aka ƙera don mutum bakwai, direba kuma ya yi mata kyakkyawan zato. Ni da kwat ɗina muka zauna a kan cinya ɗaya. Umaru ya yi ta hira da wani mai albasa har iyaka, inda suka rabu ba su daidaita ba a kan ko albasar Kajiji ta fi ta Lambara.

Ɓangarenmu na iyaka ba a daɗe ba. Na Nijar kuwa, jandarma ya karɓi takardunmu da katin rigakafi, ya sa aka zazzage jakata a kan tabarma. Littattafai bai kula su ba. Amma da ya ga ma'aunin lantarkina, ɗan akwati mai allura da wayoyi biyu, ja da baƙa, sai ya ja da baya ya kira babbansu. Ƙasar a hannun soja take, ba a wasa da abin da ya yi kama da rediyon leƙen asiri.

Babban ya ɗaga shi da yatsa biyu. "Wanga mi na na? Da wa kake magana da shi?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba shi magana. Wuta yake aunawa."

"To auna mu gani."

Na nemi batirin tocilarsa, na ɗora wayoyi, allura ta ɗan motsa kamar mai ciwon baya. Na ce batiri ɗaya ya mutu, ɗayan yana kan hanya. Ya dube ni, ya dubi tocilar, ya ce wallahi jiya ta ci amanarsa. Kafin in rufe jaka, duk wani jandarma da ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, ya kawo batirin rediyonsa. Har mai shayi ya zo da nasa a cikin hula. Haka na zauna a kan benci ina yanke wa batira hukunci, wannan ya rayu, wannan a yi masa sutura. Aikin injiniya na farko da na yi a ƙasar waje ke nan, kuma ladansa shi ne aka buga mana hatimi da fara'a.

A kasuwar Birnin Ƙonni muka ga abin mamaki. Sabulu da madara da sukari da muke bin layi a kansu a gida, ga su nan jibge har saman kai, da rubutun ƙasarmu a jikinsu. Umaru ya ɗauki gwangwanin madara ya riƙe shi da hannu biyu.

Ya ce, "Baiwar Allah, ashe nan kika yo hijira? Muna can muna cigiyarki."

Mun kwana a Tawa, a wani masauki da ke kusa da tasha. Abin da ya fara ba ni daɗi shi ne Hausarsu. Mutanen Adar, wato yankin Tawa, suna cewa munka da sunka kamar mu, ba wanda ya kwaikwayi bakina yana dariya kamar yadda 'yan Kano suka yi mini shekara da shekaru a jami'a. Sai dai sun zuba Faransanci a ciki: makaranta lakwal ce, mota mato. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, da ɓawo mai yanka dasashi, kuma ba a naɗe shi. Mutum ya saƙala shi a hammata ya hau keke. Da rana ta take kuwa, sai gari ya rufe ɗungurungum. Ofis, kanti, gidan waya, kowa ya tafi ya kwanta, da izinin hukuma. Na ce wa Umaru mu ma muna yin wannan barci a ofisoshinmu, bambancin dai su sun sa shi cikin doka.

Daga Tawa zuwa Agadas titi ne sabo, miƙaƙƙe, ba rami. Direbanmu Buzu ne, da rawani ya rufe fuska sai idanu. Ya yi gudu kamar ana bin sa, har muka fara salati, sannan a tsakiyar fili inda ba gida ba bishiyar kirki ya taka birki, ya sauko da ɗan murhu da buta ya hura gawayi. Shayi. Duk saurin da ya yi, ashe na zuwa nan ne. Kofin farko ɗaci kamar maɗaci. Umaru ya shanye, ya yi godiya, ya miƙe ya nufi mota. Direba ya bi shi da ido.

"Abokinka fushi yake da ni?"

Na ce a'a. Ya ce to ya dawo ya zauna, shayi uku ne, ba a tashi a kan na farko sai in da gaba tsakani. Umaru ya dawo ya sha na biyu da na uku, ya kuma kwana biyu idonsa bai rufu ba.

Tashar lantarkin tana gaba da Agadas, kusa da inda ake haƙo gawayin da take ci. An ba mu ɗaki mai na'urar sanyi wadda ba ta san matsakaici ba, sai a nan kwat ɗina ta sami aiki. A ɗakin cin abinci aka kawo mana ɗanyen ganye da burodi. Muka dubi juna, muka ce Allah sarki, su ma tsukewar ta iso su. Muka cika ciki da burodi har wuya. Muna shirin tashi sai ga miya. Bayanta nama da dankali. Bayansa wani cuku mai wari wanda Umaru ya rantse an manta da shi ne a bayan kabad. A gida ana ajiye maka abincinka gaba ɗaya ka san matsayinka. Su sai sun ja maka rai. Daga baya muka gano wata mata 'yar Adar da ke tuƙa tuwon gero a bayan gidajen ma'aikata, muka koma 'ya'yanta.

Amma ɗakin sarrafawa! Jama'a, a nan ne na manta da Jamus. Ɗaki ne mai sanyi da tsabta, bango guda cike da allurai da fitilu kore da ja, da alƙaluma masu zana layi a kan takarda mai juyawa ba tare da hannun kowa ba. A waje ga tukunya mai tsawon bene tana ruri, a ciki mutum biyu zaune shiru, ɗaya ma yana ɓare gyaɗa. Na ga ruwa ya ɗan ragu a ma'auni, na ga wata allura ta lura, na ji can nesa bawul ɗin bututun ruwa ya buɗe da kansa, ruwa ya dawo daidai. Abin da na yi ta lissafawa a allo ke nan, ga shi yana faruwa a gabana. Sai da Umaru ya taɓa ni ya ce in rufe baki.

Shugaban ɗakin, wanda makomarmu ke hannunsa, na zaci Bature ne. Sai ga dattijo Bahaushe, mutumin Tawa, da farin gemu da tabon salla a goshi. Alhaji Ilyasu sunansa, amma kowa Shef yake ce masa, wato shugaba. A Faransa ya yi karatu tun ban shiga firamare ba. Ina ganinsa gwiwata ta yi abin da ta saba, na durƙusa. Ya kamo hannuna ya ɗaga ni.

"Tashi, ɗana. Nan hannu akan ba, kowa da kowa, kowace safiya. Ƙasan ɗakin ga wayoyi ne."

Makonnin farko sun yi daɗi ƙwarai. Shef ya koya mana saita na'urar da ke riƙe ruwan tukunya. Ya ce ita ma hali gare ta kamar mutum: in ka sa ta cika zafin nama, ruwa ya ɗan ragu sai ta zuba fiye da kima, ta dawo ta rage fiye da kima, ta wuni tana kai da komo, in ka sa ta cika sanyi, kafin ta yanke shawara an yi ɓarna. Ranar da na saita tawa, alƙalami ya ɗan lanƙwasa sau ɗaya ya miƙe sambal, Shef ya ce, "Madalla." Na yanke wannan takarda na adana. A lissafi da wayoyi ban da matsala. Matsalata daga wani wuri ta ɓullo.

Akwai allon koyo a gefe, irin na gaske sak amma ba a haɗe da tukunya ba. Doka ta farko da aka karanta mana ita ce: in ruwan tukunya ya sauka ƙasa da jan layi, a kashe wuta nan take, ko wa ya ce kada a kashe. Tukunya ba ruwa a kan wuta bam ce. Wata safiya Shef ya zaunar da Umaru a allon, ya sa ruwa ya yi ta sauka, sannan ya tsaya a kansa ya ce, "Ƙara wuta."

Umaru ko waiwaye bai yi ba. "Ba ni ƙarawa, Shef." Ya danna jan maɓalli. Umaru dama mutum ne da ke yi wa limamin garinsu gyara a tsakiyar karatu, wannan bai zame masa aiki ba.

Aka zo kaina. Ruwa ya sauka, na gani sarai. Shef ya ce, "Ƙara wuta." Na san amsa kamar sunana. Na juyo na rusuna kaɗan.

"Ranka shi daɗe, Allah shi ƙara girma, ba wai ina ja da maganarka ba, kai ka san abin da ban sani ba, amma da za a yi mini izini, sai in ce kamar dai ruwan nan..."

Jiniya ta ɗauka. Fitilu duka suka koma ja. Shef ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Inna lillahi. Tukunya ta tashi tun kana wajen Allah shi ƙara girma. Mun mutu, ni da kai da mai gyaɗa. Allah shi jiƙanmu, mun tafi da ladabi."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har da ni. Amma da aka sake gwadawa bayan kwanaki, abin da na iya kawai shi ne gajarta gabatarwar. Muka sake mutuwa.

Ku da kuka san gidanmu kun san dalili. Mu ba a ce wa babba a'a. Ana cewa to, sannan a zagaya, a samo wani kawu ya je ya gyara maganar bayan la'asar. Ban taɓa jin mahaifina ya ce wa yayansa bai yi daidai ba, ko da a kan ranar shuka ce; sai dai ya ce wataƙila hadarin bai gama haɗuwa ba. Abin da na gano a can shi ne, da Turanci na iya musu. Na yi da malaman jami'a, har da Turawa, ban ji komai ba. Amma a ce dattijo mai farin gemu ya ba ni umarni da Hausa, da irin muryar gidanmu, in dube shi in ce a'a tsirara ba riga, wannan ba a saka mini wayarsa ba.

Shef ya kira ni gefe, wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Ɗana, kanka yana da kyau, hannunka yana da kyau. Amma ba ni cewa ka isa kujera. Ran da manajanka zai tsaya bisa kanka yana son mai ya fita, ruwa kuwa yana sauka, akwai mutane a gindin tukunyar nan masu 'ya'ya. Ladabinka mi zai yi musu?"

Na fita. Na hango kaina na sauka a tashar Boɗinga da kwat da digiri, ba aiki, a shekarar da ko masu aikin ba su da tabbas. Umaru ya ɗauki nauyin yi mini horo. Muna cin tuwo sai ya naɗa zanen gado a ka ya yi muryar tsofaffi: "Yaro, ba ni namanka." In ce a'a. "Da ƙarfi! Wanga a'a taka ko akuya ba ta kora." Mai tuwo ta ce in dai haka ake zama injiniya, ita ta daɗe da zama.

Ana saura kwanaki kaɗan mu taho, aka sa ni a allon gaske, ina lura da ɗaya daga cikin tukwanen tashar biyu, Shef yana bayana. Da hantsi ne, komai lafiya. Sai allurar ruwa ta fara sauka. Na duba famfo, yana aiki. Ta ci gaba da sauka. Na buɗe bawul da hannu, ba ta tsaya ba. A allon akwai wani makulli wanda in an murɗa shi, na'ura ba za ta iya kashe wuta da kanta ba. Don gwaji kawai aka yi shi. Na ga hannun Shef ya wuce ta kafaɗata ya nufi makullin.

Ya ce, "Ma'aunin na ƙarya yake. Bari in riƙe wutar, kada mu jefa gari cikin duhu."

Allura tana kan jan layi. Ban san lokacin da abin ya faru ba. Na ji dai wata murya ta ce "A'a!" har gilashi ya amsa, na ji tas, sannan tafin hannuna na dama yana kan jan maɓalli. Rurin tukunya ya mutu. Tas ɗin nan kuwa, hannuna na hagu ne a kan bayan hannun Alhaji Ilyasu.

Mai gyaɗa ya tsaya da ɓawo a baki. Shef ya ɗaga hannunsa ya duba gaba da baya.

"An buge ni. Cikin ɗakina, gaban yarana." Ya juya ga mataimakinsa. "Je ka mayar da wayar ma'aunin yadda take, a sake hura wuta." Ashe shi ya sa aka rage siginar daga bayan allo, tukunyar ma ba ta ɗauke da gari a ranar. Ya dafa kafaɗata. "Wannan kujera taka ce. Haka zan shaida wa kamfaninku."

Umaru ya rungume ni yana ihu, yana cewa shi ya koyar da ni amma bai kai ni nan ba. Murna kam na yi ta. Sai dai hannun hagun nan ya ƙi daina zafi. Bayan la'asar na sa babbar riga na tafi gidan Shef. Na same shi a ƙofar gida a kan buzu, yana jan carbi. Na cire takalmi daga nesa, na rusuna, na fara: ranka shi daɗe, Allah shi huci zuciyarka, abin da ya faru ɗazu...

Ya bar ni na yi ta, bai katse ni ba, har na kai ƙarshen duk abin da na sani na ban haƙuri. Sannan ya leƙo ya dubi ƙafafuna.

"Can ciki ka yi daidai, in ka sake ganin haka ka ƙara ƙarfi. Amma nan ƙofar gidana ce, kuma gwiwar taka ba ta taɓa ƙasa ba. Sauka da kyau."

Na sauka da kyau. Ya yi dariya har carbi ya faɗi, ya sa aka kawo shayi, na kuwa zauna har na uku.

Dawowa ba ta da labari, sai dai mota ta lalace mana kusa da Tawa muka tura. Yanzu an tabbatar da mu a aiki, ni da Umaru, kuma ni ke zaune gaban sabuwar tukunyarmu a Sakkwato, ina kallon alƙalamina yana jan layinsa miƙaƙƙe. A gida an yi sadakar godiya, mahaifina yana gaya wa baƙi cewa ɗansa ya ci jarrabawa a ƙasar waje saboda tarbiyya. Don haka ina roƙon duk wanda zai karanta masa wannan labari, idan ya iso wajen makullin nan, ya yi tari ya tsallake.